Yadda Za Ka Sa Alat Ya Tsare Maka Katin Banki A Legas

Tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, mai tumatir a Mile 12, mai raguna a Alaba Rago, mahauci a Oko-Oba da mai shayi a Agege duk suka koma karɓar transfa da kati, ko suna so ko ba sa so. Kuɗin da a da ake ɗaurewa a lalita yanzu a asusu suke kwana, kuma abin da ke gaya maka halin da suke ciki shi ne ɗan saƙon nan da ke faɗowa waya, wanda kowa ke kira alat. Yawancinmu mun ɗauke shi abin murna ne kawai: ya shigo, an biya, a ba mutum kayansa. Amma babban amfaninsa yana ranar da kuɗi suka fita ba da saninka ba.

Alat ba ya hana ɓarawo cire kuɗi. Kamar mai gadi ne da ba shi da ko gora, iyakarsa ya yi ihu. In maigida ya ji ya fito da wuri, a tsira da sauran kaya. Saboda haka abin da ake so shi ne saƙon ya iso hannunka kai kanka, ka iya gane abin da yake faɗa, kuma ka riga ka san lambar da za ka danna kafin ɓarawon ya sake cira.

Mataki na farko: layin da ke kan asusunka

Kafin komai, tambayi kanka wace lamba ce banki ke da ita a matsayin taka. Wannan tambaya tana da nauyi a wurin mutanenmu na Legas, don da yawa sun buɗe asusu ne tun suna gida, a Kano ko Sakkwato ko Katsina, da layin da ya daɗe da ɓacewa. Wani kuma lambar ƙaninsa ya bayar, ko ta yaron shago, saboda shi ne ya iya karatu. Duk wanda layin yake hannunsa, shi ke ganin shigar kuɗinka da fitarsu, shi ne kuma lambobin tabbatarwa ke zuwa wa.

Sa layin da kake amfani da shi a waya ka danna *565*0#. Idan lambar BVN ɗinka mai alƙaluma 11 ta fito, to wannan layin ne ke kanta. Idan ba ta fito ba, ka ware safiya guda ka tafi reshen bankinka da takardar NIN. Ka ce musu kana so a duba lambar wayar da ke kan asusu, a kuma duba wadda ke kan BVN, domin wurare biyu ne daban, ana iya gyara ɗaya a bar ɗaya. Kada ka fito sai ka gwada: ka tura ko naira 100 ce, ka ga alat ya shigo wayar da ke hannunka.

Sannan layin ya kasance da sunanka aka yi masa rajista. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da NIN, kuma ranar da waya ta ɓace ka je yin welkom bak, wato karɓo sabon sim mai lambarka ta da, wanda NIN ɗinsa ke kan layin shi za a saurara. Layin da aka saya a bakin titi da rajistar wani bai dace da asusun banki ba, ko da lambar tana da daɗin haddacewa.

Kada kuma ka bar layin ya mutu. Masu komawa gida aikin damina su kula da wannan sosai. Idan layi ya yi watanni ba kira, ba kati, kamfani na iya karɓe shi ya sayar wa wani, kuma banki ba zai sani ba, zai ci gaba da tura wa sabon mai layin alat ɗinka. Ko kana ƙauyen da sabis sai an hau tudu, ka riƙa sa masa ɗan kati kana yin kira lokaci zuwa lokaci.

Abu na ƙarshe a nan shi ne wanda aka fi sakaci da shi: kulle sim ɗin kansa. Mutane suna sa wa waya zane ko yatsa su ɗauka sun gama. Wanda ya zare maka waya a turmutsutsun Oshodi ko a cikin danfo ba ruwansa da zanenka. Cire sim zai yi ya sa a ƙaramar waya, ya nemo BVN ɗinka, ya bi lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda asusunka yake. Shiga saitin waya, wajen tsaro, ka nemi inda ake kulle sim. Zai tambaye ka lambar asali ta kamfani. In ba ka san ta ba, kira 300, lambar kula da masu hulɗa ta kamfanonin waya, ka tambaya. Kada ka yi ta canka, don kuskure uku ke toshe sim, daga nan sai da lambar PUK mai alƙaluma 8 da ke jikin katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki. Bayan ya karɓa, ka canza zuwa lambarka, wadda ba shekarar haihuwarka ba ce, ba kuma irin ta katin ATM ba. Daga ranar, duk wayar da aka sa wannan sim ba zai yi aiki ba sai an buga lambar.

Mataki na biyu: kunna alat ta hanya fiye da ɗaya

Alat na zuwa ta saƙon tes, ta imel, da kuma ta manhajar banki. Na tes shi ne ake biya, naira 6 kowane ɗaya tun watan Mayu na 2025, bayan ya daɗe a naira 4. Ɗan kasuwar da ke karɓar transfa da yawa a yini zai ga kuɗin sun taru a ƙarshen wata, shi ya sa wasu ke zuwa banki su ce a kashe musu. Ni dai ba na ba da wannan shawara. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, wanda ya ce ba ya son alat na tes sai ya sa hannu a takardar da ke cewa asarar da ta biyo bayan haka a wuyansa take. Ga shi kuma tes ba ya buƙatar data, yana shiga ko a ƙaramar waya, ko da tsakar dare.

Imel kyauta ne, kuma yana ajiye tarihin komai ko waya ta ɓace, don haka a haɗa shi. Manhaja ta fi su sauri, kuma masu amfani da OPay, Moniepoint, PalmPay ko Kuda sun fi dogara da ita. Sai dai wayoyi da yawa suna rufe bakin manhaja don tattalin caji. Shiga saiti, ka nemi manhajar bankin, ka ba ta izinin turo sanarwa, ka cire ta daga jerin waɗanda tattalin batir ke kashewa. Ka sa mata ƙara ta daban da ta WhatsApp, yadda ko kana cikin hayaniyar kasuwa za ka gane.

A wannan saitin kuma ka ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa idan waya tana kulle. Wayar da ka bari a wajen mai caji ba ta buƙatar nuna wa kowa balans ɗinka.

Mataki na uku: karanta alat ɗin duka

Yawanci ido yana zuwa ne kan adadin kuɗi ya tsaya. Akwai sauran abubuwa. DR ko Debit na nufin an cire, CR ko Credit an shigo. Akwai layin bayani da ke nuna ta ina kuɗin suka bi: POS, ATM, WEB idan saye ne ta intanet, ko NIP da TRF idan transfa ce. Akwai kwanan wata da lokaci. A ƙasa kuma akwai abin da ya rage.

Layin bayanin nan shi ke tona asiri. Idan kai ba ka taɓa sayen komai ta intanet ba, ka ga WEB, to wani ya samu lambobin katinka. Idan kana Idi-Araba katinka na aljihu, ka ga an cira a POS, ka zaro katin ka duba sunan da ke jiki, ta yiwu an musanya maka shi.

Ka kuma san ƙananan cire-ciren da suke na halal a ƙa'ida, don kada su ruɗa ka: kuɗin alat na ƙarshen wata, kuɗin transfa, naira 50 ta gwamnati a kan transfar da ta kai 10,000, da naira 100 kan kowace 20,000 idan ka cira a ATM ɗin wani banki, tsarin da ya fara a watan Maris na 2025. Waɗannan duk bayaninsu yana fitowa a saƙon. Abin tsoro shi ne ɗan ƙaramin kuɗi, naira 50 ko 100, da ya fita da sunan wani kamfani da ba ka sani ba. Ɓarayin kati sukan yi haka don su gwada ko katin yana aiki kafin su ɗebi mai yawa. Kada ka ce ai ba yawa.

Ga yadda ya kamata a yi a wajen mai POS. Ka miƙa kati, ka ce 5,000. Kafin ka buga lambar sirri, ka karɓi na'urar ka dubi allon da idonka, don tsakanin 5,000 da 50,000 sifili ɗaya ne. Ka rufe da ɗaya hannun ka buga. Katin kada ya bar gaban idonka, kada ya shiga ƙarƙashin tebur. Bayan an ba ka kuɗi, ka tsaya a wurin har alat ya shigo, ka gwada shi da rasit. In na'ura ta ce ba ta yi ba, amma alat ya nuna an cire, ka riƙe rasit ɗin da kyau, shi ne hujjarka. Yawancin masu wannan sana'a mutanen kirki ne, da yawansu ma 'yan uwanmu ne masu neman halal, kuma mai gaskiya ba zai ji haushi don ka duba ba.

Dattijon da bai yi boko ba, ba sai ya ba wani layinsa ba. A zauna da shi sau ɗaya a nuna masa bambancin DR da CR da inda balans yake. Mutumin da ke riƙe lissafin buhu ɗari a kai ba haruffa biyu ne za su gagare shi ba.

Mataki na huɗu: rage abin da kati zai iya yi

Manhajojin bankuna da yawa suna da wurin sarrafa kati. A nan za ka iya kashe saye ta intanet da amfani a ƙasar waje, ka kuma sa iyakar abin da za a iya cirewa a rana. Duk ƙofar da ba ka bi, rufe ta. In buƙata ta taso ka buɗe na ɗan lokaci. Katunan da ake dangwalawa a na'ura ba tare da lambar sirri ba, Babban Banki ya sa musu iyaka a 2023: naira 15,000 a sau ɗaya, 50,000 a yini. Wanda ya tsinci irin wannan kati zai iya cin wannan adadi, don haka in ba ka amfani da tsarin, ka nemi a kashe.

Lambobi uku da ke bayan kati, ka haddace su ka liƙe wurin da ɗan salatif. Da su da dogayen lambobin gaba da ranar ƙarewar kati ake saye ta intanet, kuma hoto ɗaya ya isa a kwashe su.

Mai jari kuma ya raba kuɗinsa gida biyu. Uwar kuɗi a asusun da ba shi da kati, na kashewa a wanda katinsa ke yawo a aljihu.

Mataki na biyar: saƙon da ba a karanta wa kowa

Akwai saƙon da ke zuwa da lambobi, galibi shida, wanda ake kira OTP. Banki ne ke tambayarka ko kai ne ke son fitar da kuɗi. Idan ya shigo alhali ba ka taɓa komai ba, wani ne ke tsaye da bayanan katinka, wannan lamba kaɗai ta rage masa.

Ba a daɗewa waya za ta yi ƙara. Murya a natse, Hausa tsantsa: "Salamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Daga babban ofishin bankinku nake kira. Mun ga wasu na ƙoƙarin shiga asusunka, muna so mu tare. Yanzu mun turo maka wasu lambobi, karanto min su da sauri, ranka ya daɗe, kafin su kwashe." Zai faɗi cikakken sunanka, wataƙila har da ranar haihuwarka. Jin harshenka a bakin baƙo a garin da ba naka ba yana sa zuciya ta saki, kuma sun san haka, shi ya sa suke neman mai Hausa ya yi kiran.

Amsa ɗaya ce: "Na gode, zan je reshe da kaina." Ka kashe waya. Babu ma'aikacin banki da aikinsa ya ba shi damar tambayar OTP, lambar sirri, ko lambobin bayan kati. Haka saƙon da ke cewa an toshe BVN ɗinka, ka latsa nan ko ka kira wannan lamba. Kada ka latsa. In kana son kiran banki, lambarsu na rubuce a bayan katinka. Hajiyoyi masu sayar da atamfa da kayan mata ta waya su ma ana yawan bin su da irin wannan, wani lokaci da sunan tallafi ko bashi marar ruwa.

Bayan ka kashe, kada ka tsaya a nan. Zuwan OTP ɗin da ba ka nema ba alama ce cewa lambobin katin sun fita. Rufe katin, ka nemi sabo.

Alat na bogi, ga masu sayarwa

Wannan gajere ne. Saƙon tes ana iya ƙirƙirarsa da sunan banki, hoton rasit kuma ana iya shirya shi. Mutum ya ɗauki buhun albasa, ya nuna maka allon wayarsa, ko tes ya shigo taka. Kada kaya su tashi sai ka buɗe manhaja ko ka danna lambar bankinka ka ga balans ya ƙaru da gaske. In ya ce yana sauri, ka ce masa, "Yi haƙuri maigida, bari ya zauna tukuna." Haka wanda ya kira ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar masa: ka duba balans, in da gaske sun shigo, ta hannun banki za a mayar.

Mataki na shida: ranar da mummunan alat ya shigo

Duk abin da ya gabata saboda wannan lokaci aka yi shi, kuma a nan ne mutane suka fi ɓata lokaci. Wani zai fara kiran ɗan uwa, wani ya hau mota zuwa banki ya maƙale a cunkoso, alat na ta shigowa yana kallo. Abin farko shi ne rufewa, daga inda kake tsaye.

Bankuna suna da lambar gaggawa da ake dannawa ko a wayar wani. Access *901*911#, Zenith *966*911#, UBA *919*911#, First Bank *894*911#, GTBank *737*51*74#. Ranar da ka je gyara lambar waya, ka tambayi ma'aikacin ya tabbatar maka da ta bankinka, ka kuma tambaye shi me take rufewa, asusun gaba ɗaya ne ko hanyar danna lambobi kawai, da yadda ake rufe katin shi kansa. Rubuta lambar a takarda tare da lambar asusunka mai alƙaluma 10 da lambar kiran bankin. Ajiye ɗaya a gida, ɗaya a shago. Ba a waya ba, don ranar da za ka buƙace ta wataƙila wayar ce ta tafi. Lambar sirri kuwa ba ta shiga wannan takarda.

Bayan rufewa, kira bankin nan take. Faɗi lokaci da adadi da bayanin da ke cikin alat, ka roƙi su tuntuɓi bankin da kuɗin suka tafi don a riƙe su. Ɓarayi suna rarraba kuɗi zuwa wasu asusu cikin ɗan lokaci, saboda haka kiran da aka yi yanzu ya fi na gobe da safe nesa ba kusa ba. Kada ka goge alat ko ɗaya, ka ɗauki hotonsu.

Akwai wata alama da ba ta zuwa da ƙara. Idan sabis ya ɗauke a wayarka gaba ɗaya, na kusa da kai masu layi irin naka kuma suna da shi, ka kashe ka kunna bai dawo ba, ta yiwu wani ya yi welkom bak da layinka. Ari waya ka rufe asusu tukuna, sannan ka nufi ofishin kamfanin layin da NIN ɗinka.

Washegari, ko a ranar in lokaci bai ƙure ba, je reshe ka shigar da ƙorafi a rubuce. Kada ka fito sai an ba ka lambar bin sawun ƙorafin, ka kuma riƙe kwafin takardar da aka buga wa hatimi. Ka nemi bayanan asusu na kwanakin. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, kana da damar kai ƙara Sashen Kare Masu Hulɗa na Babban Banki ta cpd@cbn.gov.ng, tare da wannan lamba da hujjojinka. Idan kuɗin masu yawa ne, ofishin EFCC na Legas yana titin Awolowo a Ikoyi, sashen 'yan sanda mai binciken zamba kuma yana titin Milverton, shi ma a Ikoyi. Matsalar da ta shafi kamfanin layi, in sun ƙi saurare, ana kiran NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin waya, a 622 kyauta.

A bambance sata da cirar da na'ura ta yi ba ta ba da kuɗi ba. Wannan ta biyun tana da wa'adi tun 2020: ATM ɗin bankinka ya mayar nan take ko cikin awa 24, na wani banki awa 48, POS da intanet awa 72. In wa'adin ya wuce alat na mayarwa bai shigo ba, ka ɗauki rasit ka tafi.

Idan an ba ka sabon kati, canza lambar sirrin a ATM ɗin da ke harabar bankin, kai kaɗai, ba tare da mai taimako a bayanka ba. Canza ta manhaja da ta danna lambobi su ma. Tsohon katin kuma ka datse shi da almakashi ta kan ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya da kan lambobin, ka zubar da gutsattsarin a wurare daban-daban.